Koriyar Riga a Ƙasan Akwatin Ummanku

Bayan sadakar arba'in ta ummanku, ranar da kuka buɗe akwatinta za ku raba kaya, kun tarar da wata doguwar riga koriya a can ƙasa, irin ta matan Turawa, da duwatsu a wuya, an yanke mata gefe biyu daga hammata zuwa ƙugu. Hauwa ta yi maza ta tura ta ƙarƙashin zannuwa, a zatonta ban gani ba. Na gani. Na kuma san abin da kuka taso kuna ji, cewa akwai shekarar da babanku ya rikice a China saboda wata Baturiya mawaƙiya, ya watsar da sana'arsa, har kawunku Sani ya raba gari da shi. Baturiyar gaskiya ce, waƙarta gaskiya ce, watsar da sana'ar ma gaskiya ce. Sauran duk ƙarin gishiri ne na masu zaman shayi. Matar ta kusa saba'in a lokacin, ta girme ni da kusan shekara ashirin, kuma ummanku ta fi ni shiri da ita nesa ba kusa ba. Abin da ya faru bai kai wanda aka faɗa muku daɗin ji ba, amma ya fi shi ba ni kunya, shi ya sa na bar jita-jitar ta yi ta yawonta. Yanzu zan rubuta shi yadda yake.

Kun san ni tela ne kafin komai. Shekara goma sha takwas na yi a kan keke a Fagge, kafin kawunku ya ce in zo Guangzhou in zama idonsa. Shi yana Kano yana turo 'yan kasuwa, ni ina wani ɗan ofis a benen Tianxiu ina karɓar su. Aikin ba shi da wuyar bayani. Mutum zai sauko daga jirgi da abaya ɗaya ko rigar yara ɗaya a jaka, ya ce ga irin abin da kasuwa ke so. Wannan shi ne samfur. Ni kuma in kai samfurin masana'anta, su farke shi ɗinki bayan ɗinki, su shimfiɗa kowane ƙyalle a kan takarda su zana, sannan su yanko dubu irinsa. Samfurin kansa babu mai sake waiwayarsa. A duk shekarun da na yi ina wannan aiki, ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya ce a dawo masa da samfurinsa ba, don me zai yi da tsohuwa ɗaya alhali ga sababbi dubu? Ku riƙe wannan a ranku, don a nan laifina ya kwanta.

Na haɗu da ita a kasuwar Baima, a hawa na uku, wata ranar Talata da hantsi. Tana tsaye gaban wani shago, gajeriya, mai jiki, gashinta fari tas, ta buɗe wata jakar leda tana nuna wa mai shagon wani abu, shi kuma yana ta kaɗa hannu yana cewa “mayyo, mayyo”, wato babu. Da na wuce abina, da ba don idona ya faɗa kan kalmasar abin da ke cikin jakar ba. Ido ne na tela, ba ya tsufa. Na tsaya na ce mata da Turancin kasuwa, wannan ɗinkin hannu ne, kuma wanda ya yi shi ba don a biya shi ya yi ba. Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

“Kwana uku ina yawo a ginin nan,” ta ce. “Kai ne mutum na farko da ya dubi ɗinkin. Uwata ce ta yi.”

Sunanta Megan. Daga baya ummanku ta mayar da shi Gwaggo Mega, kuma da shi ta tafi har ta bar ƙasar. Ta ce ita 'yar Wales ce, na ce to, Ingila ke nan. Ta ɓata fuska kamar yadda Bazazzagi ke yi in ka ce masa Bakano, ta ce a'a, Wales daban, suna da yarensu, suna da tsaunukansu. Waƙa take yi a wani babban otal a gefen kogi, ran Lahadi da rana da wasu ranaku da yamma. Otal ɗin sun gaya mata ƙarshen wata aikinta ya ƙare, sun samo matasa. Ita ma ta ce ya isa haka, shekara hamsin da 'yan kai tana wannan abu, za ta koma gida. So take ranar Lahadin ƙarshe ta sa rigar da ta fara fita da ita tana 'yar shekara goma sha bakwai. Rabon da rigar ta shige ta an yi shekara goma. Abin da take nema kawai shi ne telan da zai ƙara mata faɗi.

Na karɓi rigar na kai ofis na shimfiɗa. Karammiski ne kore, ya sha duniya. Ya koɗe a kafaɗa, ya sile a gwiwar hannu, an sha buɗe shi ana ƙarawa har babu sauran rara a ciki ko ta faɗin farce. Ɗinkin kafaɗar hagu ma a karkace yake, ya hauro sama fiye da na dama. Na ce a raina, wannan baiwar Allah za ta tsaya gaban mutane ranar sallamarta da wannan tsumma? Sai wata dabara ta zo mini, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai da ta zo. Zan kai wa Lawban Cen, mai masana'antar da muke aiki da shi a bayan gari, ya fitar mata da sabuwa sak irinta, daidai awonta na yanzu, da karammiski mai kyau. Lawban shi ne maigida a bakinsu. Ban tambaye ta ba, don so nake in ba ta mamaki. Ban kuma manta cewa suna farke samfur ba, kada ku nema mini wannan uzurin. Na sani sarai. Kawai dai bai taɓa faɗo mini a rai cewa akwai tufar da farke ta asara ce ba. Ta gaya mini uwarta ce ta ɗinka, na ji da kunnena, na ma yaba ɗinkin, amma kaina na ɗan kasuwa ne ya yanke hukunci.

Bayan mako guda sabuwar ta iso. Gaskiya Lawban Cen ya yi aiki, har karkatacciyar kafaɗar nan ya miƙar. Na kira ta ta zo ofis, na rataye rigar a jikin ƙofa na tsaya a gefe ina jiran godiya. Ta shafa ta, ta juya ta, ta duba ciki.

“Tana da kyau,” ta ce. “Ina tawa?”

Kafin ta rufe baki na gane abin da na yi. Na ce mata sun buɗe ta don su ɗauki awo.

“Duka?”

“Duka,” na ce.

Akwai wani kwalin takalma a gefe, ta zauna a kai. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, mace mai muryar da za ta iya fasa gilashin ofishin in ta so. Sai ta ce uwarta ta yi wata huɗu tana ɗinka rigar nan a teburin kicin, bayan ta dawo daga aiki, kuma a duniya babu abin da ya rage mata wanda hannun uwar ya taɓa sai ita. Ta tashi ta fita ba ta ɗauki sabuwar ba.

A lokacin ummanku ta zo mini wata uku, muna zaune a wani ɗan gida na haya a Dengfeng, sama da wani shagon waya, ku kuna Kano wajen kakarku. Da na koma na ba ta labari ina ɗan gyara shi ta inda zai fi mini sauƙi. Tana yanka albasa, ba ta ɗago ba har na gama.

“Alhaji, gyara ta ce ka yi mata ko sabuwa?”

“Gyara. Amma ke ba ki ga rigar ba, ta mutu.”

“Ta mutu a wajenka. Amana aka ba ka ka kai mahauta. Tashi ka sa takalmi.”

Tare muka shiga mota zuwa masana'antar. Lawban Cen ya yi mamakin ganinmu, ya ƙara mamaki da ya ji abin da muke nema. Ya ce mayyo, samfur ya tafi. Na tsaya ina lallashinsa da Sinancina na cefane, ummanku kuwa ba ta jira ba, ta wuce bayan ginin inda suke tara buhunan ƙyallaye masu jiran mai yin tsummar goge-goge. Buhu tara muka zazzage, ni da babbar rigata, ita da hijabinta, ma'aikata suna leƙowa ta taga suna dariya. A na tara muka same su, ƙyalle goma sha huɗu, kowanne da lambar alli a bayansa. Babu wanda ya ɓata. Zaren ne kawai babu, sun tsinke shi sun share tun ranar farko.

Da na shimfiɗa su a gida na ga girman abin da ke gabana. Karammiskin ya tsufa har in ka sa shi a keke, ko ka huda masa sabon rami kusa da tsoho, sai ya yage. Hanya ɗaya ce: a bi tsofaffin ramukan allura ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ramukan kuwa ba sa ganuwa da hasken lantarki. Sai ka ɗaga ƙyallen a jikin taga, rana ta ratso, sannan za ka ga jerinsu ƙanana kamar sawun tururuwa. Wato aikin na rana ne, daga hantsi zuwa la'asar, daidai lokacin da kasuwa ke ci. Kuma lokacin lodin kayan Sallah ne. Duk kwantenar da ba ta hau jirgi cikin makonnin nan uku ba, sai dai ta isa Kano bayan an ci an cinye. Kawunku ya turo mutum shida, suna masauki suna jiran in zaga da su. Lahadin ƙarshe ta Gwaggo Mega kuma saura kwana goma sha tara.

Na gwada haɗa biyun kwana biyu, na ga ina ɓata duka. Na nemi wani tela ɗan ƙasar ya duba, ya ɗaga ƙyallen ya ajiye ya ce ba zai taɓa ba. Ran na uku na miƙa baƙin nan ga wani ejan mai irin aikina, ɗan Kumasi da ke hawa na ƙasa da ni, mutumin kirki, na san kuma ba za su dawo hannuna ba. Na rufe ofis na ja kujera gaban taga. Kawunku ya kira kafin azahar.

“Alhaji Musa, me nake ji? An ce ka rufe ofis kana wa Baturiya ɗinki.”

“Haka ne, Yaya. Na ɓata mata kaya, ina gyarawa.”

“To ka biya ta mana! Riga nawa take?”

“Ba irin wadda ake biya ba ce.”

“Kai dai ka faɗi gaskiya. Mutum shida na turo maka, mutuncina ne a hannunka. Ba ni Rabi.”

Na miƙa wa ummanku. Ta saurare shi har ya gaji, sannan ta ce, “Yaya, ni na sa shi,” ta kashe wayar. Ban ce kawunku ba shi da gaskiya ba. Mutanen nan shida su ma amana ce, kuma na zaɓi ɗaya na saki ɗaya. Har yau in na auna ban samu ma'aunin da zai wanke ni duka ba. Abin da na sani shi ne su za su iya samun wani ejan a kowane hawa na benen nan, ita kuwa babu wanda zai zauna mata gaban taga in ba wanda ya yi ɓarnar ba.

Na aika mata saƙo cewa an samo ƙyallayen. Washegari ta zo Dengfeng da kanta, ta hau matakalar nan tana haki, ta zauna a kujerar da ke fuskantar tawa. Ba ta gaishe ni ba. Kwana huɗu tana zuwa tana zama tana kallon hannuna kamar mai gadi, ba ta ce mini uffan. Ummanku ce ta karya abin. Ba ta jin Turanci sai 'yan kalmomi, amma ta ajiye mata shayi mai citta da kwanon ɗanwake, ta tsaya a kanta har ta ci. Daga ranar bakin ya buɗe, ni kuma na zama tafinta, allura a hannu.

Ashe rigar nan ita ce littafin tarihinta, kuma kowane ƙyalle da na ɗaga sai ta karanta mini shi. Ubanta mahaƙin kwal ne a wani kwari da ta ce rana ba ta cika leƙa shi ba. A cocin garinsu ta fara waƙa cikin yara, daga nan aka fara kiranta wuraren da mahaƙa ke taruwa ranar hutu, maza ɗari biyu da hayaƙin taba, in ba ka iya ba su ci gaba da hirarsu kamar ba ka nan. Ta ce a nan ta koyi ɗaga murya. Tana da shekara ashirin da biyu wata waƙarta ta shiga rediyo, ta yi damina guda ana sa ta ko'ina, har aka kira ta talabijin sau biyu. Ta ɗauka an fara ke nan. Ashe ƙarshen hawan ke nan, don ba ta sake yin wata da ta kai ta ba. Sauran shekaru arba'in da wani abu, waƙar nan ɗaya ce ta yi ta ciyar da ita. Ta koma ƙananan wurare a garuruwan bakin teku, ta yi shekara goma sha ɗaya a jiragen ruwa na masu yawon hutu, daga nan otal-otal na ƙasashen Larabawa, daga nan gabas, kowane wuri ya ɗan fi na baya nisa da gida. Ƙarin da ke ƙugu wani tela ne ya yi mata a wata tashar jiragen ruwa bayan ta haifi ɗanta. Facin da ke gwiwar hannu ita ta yi da kanta a cikin jirgi, shi ya sa ya yi muni. Ta faɗi duk wannan ba tare da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin hanyar da mota ta bi.

Ummanku ta ce, “Tambaye ta, ba ta gaji ba? Waƙa ɗaya shekara arba'in?”

Na tambaya. Ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta.

“Gaya mata na tsani waƙar nan shekara goma, na yi haƙuri da ita shekara goma, yanzu mun zama kamar tsofaffin ma'aurata. Ita ta sa ɗana a makaranta.”

“To ai sana'a ce,” in ji ummanku. “Allah ya sa mata albarka.”

Ni dai ban taɓa son irin waƙarsu ba, kuma ban fara so ba a lokacin. Amma wata rana suna kicin su biyu, ummanku tana koya mata tuƙa tuwo, sai na ji ta ɗauko wani abu a hankali da yarensu, ba Turanci ba, wai na lallashin yara ne. Muryar ta tsufa, ta yi kauri, tana ɗan karcewa a sama. Mai shagon wayar da ke ƙasa ya kashe rediyonsa. Ni ma na ajiye allura sai da ta gama.

Kafaɗar hagu ce ta kusa sa in sake yin laifi. Da na zo kanta na ga jerin ramukan ya karkace ya hau sama, hannuna ya ƙi. Shekara goma sha takwas ina dukan hannun yaran shago a kan karkataccen ɗinki. Na ce da ummanku zan ɗan miƙar da shi, ba wanda zai sani.

“Alhaji, ba ka daddara ba? Bi ramin. Ba kai ka huda ba.”

Na bi ramin. Faɗin da ake bukata kuwa, daga sabuwar rigar na samo shi. Na yanko dogayen ƙyallaye biyu daga gefunanta na sa a tsohuwar, ƙarƙashin hannu inda ba a cika gani ba. Wannan shi ne yankan da kuka gani. Na gama ranar Juma'a kafin masallaci, wuyana ya ƙage, idona na dama bai sake komawa daidai ba tun daga lokacin. Ta shiga ɗaki da ummanku ta sa, suka fito. Rigar ta zauna. Ta tsaya tsakar ɗaki ta ɗaga hannun hagu zuwa bakinta kamar mai riƙe da makirfo, sai na ga karkatacciyar kafaɗar nan ta kwanta lif, ko tattara babu. Bahaguwa ce. Uwarta ta ɗinka rigar ne don hannun da ke sama, ba don wanda ke rataye ba. Ni da Lawban Cen da injinansa duk mun ɗauka kuskure ne.

Ta juya bakin hannun rigar ta daɗe tana duba ɗinkin ta ciki. Na tsaya ina jira, ban ɓoye muku ba, ina fatan ta ce ya koma kamar da.

“Ramukan nata ne,” ta ce. “Zaren naka ne. Zan sa ta.”

Iyakar abin da na samu ke nan, kuma bai kamata in samu fiye da haka ba. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa da baki ba, don na ga kamar roƙon ma wani nauyi ne zan ƙara ɗora mata.

Ran Lahadi ummanku ta ce sai ta je ta gani. Na ce wurin ba namu ba ne, ta ce ai da rana ne kuma abinci ake ci. Muka je muka tsaya daga bakin ƙofar zauren, kusa da wata tukunyar fure. Mutane cike, suna ta cin abinci, yara suna guje-guje, cokula suna ƙara. Ta fito cikin koriyar rigar ta tsaya kusa da mai kiɗa, ta ɗaga hannun hagu. Da wuya in mutum goma sun ɗago kai. Ta yi waƙoƙinta ɗaya bayan ɗaya kamar gaban sarki take, ta rufe da tsohuwar waƙar nan tata, aka ɗan tafa, ta sunkuyar da kai, ta sauka. Shekara hamsin suka ƙare yayin da wani ma'aikaci ke tura keken kwanuka ta gabanta. Ni na ji haushin mutanen, ita kuwa ko a jikinta. Ummanku tana share ido da gefen hijabi, tana cewa hayaƙin girkinsu ne. A wajen fita wani Bakano da ya zo ganin baƙonsa ya hango ni. Bai hango ummanku ba, ko kuma ya ga labarin ya fi daɗi in babu ita. Kafin mako ya zagayo maganar ta isa Kantin Kwari.

Gwaggo Mega ta tafi ran Laraba. Ta rungumi ummanku, ni ta ɗaga mini hannu daga nesa. Sabuwar rigar ta ce ba ta so, a yi yadda aka ga dama da ita. Sau ɗaya ta aiko da kati mai hoton tsauni da tumaki, daga nan ba mu sake ji ba. Kawunku ya mayar da hulɗarsa wajen ɗan Kumasin nan, sauran masu turo mini mutane suka bi shi, don a kasuwa in aka ce ejan ya taɓa rufe ofis lokacin lodi, an gama da shi. Na ƙara shekara ɗaya ina jan ƙafa, sannan na tattaro na dawo. Ita ce shekarar da muka bar babban gidan can muka koma Fagge, shekarar da aka canza wa Hauwa da Bashir makaranta. Kun biya kuɗin kuskuren da ba ku yi ba, kuma ban taɓa ba ku haƙuri ba. Ina ba ku yanzu. Ni da kawunku mun shirya kafin ya rasu, amma bai taɓa yarda da labarin rigar ba, ya ce ko yaro ba zai yarda ba.

Ummanku ta taho da yankakkiyar rigar Kano. Ba ta taɓa yi mini gori da baki ba. Amma duk lokacin da na fara yanke wa wani hukunci a kan abinsa ba tare da na tambaye shi ba, ko ku, ko maƙwabta, sai in fito da safe in ga koriyar riga a kan igiya, wai ana shanya ta kada ta yi wari. Ku kuna ganin shanya ce kawai.

Duk da haka sai kwanan nan na san ainihin abin da na yi wa matar nan. Hular da ke kaina kullum, wadda kuke cewa ta koɗe tana ba ku kunya a masallaci, ummanku ce ta ɗinka ta a gaban tagar nan ta Dengfeng, tana gefena, cikin kwanakin nan da nake bin ramuka. Makon jiya Bashir ya zo mini da sabuwa a leda, mai tsada, irin zanenta sak, ya ce ya kai hotonta ne aka yi mini, in kawo tsohuwar ya ba mai gadi. Yana tsaye yana murmushi yana jiran godiya, na ga fuskata a tasa. Kun ce na yi masa tsawa ba dalili. Bashir, ba da kai nake ba, Allah ya yi maka albarka. Sabuwar tana da kyau. Tawa dai a bar mini ita, rigar kuma ku mayar da ita ƙasan akwatin yadda kuka same ta, kada wanda ya gyara ta.